Jajayen Haƙoran Kaka Fanta

Lahadi, 11 ga Mayu, 2025

Goggo Zulfa ta tare ni a soro yau bayan na gaishe da Kaka zan tafi. Ta yi ta kewaye-kewaye, yaya aiki, yaya Sabon Gari, har na fara zaton aike za ta ba ni. Ashe maganar bakin Kaka ce. Wai kwanan nan matan da ke zuwa sayen humra da turaren wuta suna ja da baya idan ta matso za ta shinshina musu kwalba. Wata amarya har mayafi ta ja ta rufe hanci, Kaka ta zaci kunya ce. Da asuba kuma in ta tofar da ruwan alwala, jini-jini ne.

Ni na ji warin tun bara. Yo ina zan kasa ji, shekara takwas ina wankin haƙori ina leƙa bakin mutane? Amma wa zai dubi Hajiya Fanta mai turaren Fagge ya ce bakinta na wari? Goggo 'yarta ce, ko sunanta ba ta kamawa. Baba kuwa ɗan fari ne, gaisuwa ma a tsaitsaye suke yinta. Saura ni, jika. Tun ina goye take ce min mijinta, ni kuma in ce mata amarya, kuma abin da ɗa ba zai iya furtawa ba jika yana faɗarsa a yi dariya a wuce. Goggo ta ce, "Kai kaɗai za ka faɗa ta haɗiye, Kyari."

Na ce ta bar min. Aikina ne, kuma na iya shi.

Talata, 13 ga Mayu

Na faɗa mata. Na same ta a tsakar gida tana tankaɗe kajiji, na zauna a kan turmi na ce, "Amarya, yau sakinki zan yi. Gida duk ƙamshi, ban da bakin matar gidan." Ta jefe ni da guntun icen hawi, ta ce mijin da ko cefanen albasa bai taɓa kawowa ba shi ne da bakin saki. Ta yi dariya har haƙoran nan nata suka fito duka, jajir, aikin goro da furen taba na shekara da shekaru.

Can kuma ta daina dariyar. Ta hura iska a tafin hannunta ta shinshina. "Da gaske kake, ɗan nan?" Na ce da gaske.

Sai ta faɗa min abin da ko Goggo ba ta sani ba. Biyu na gaba na ƙasa suna girgiɗi idan ta tura su da harshe. Ba ciwon take tsoro ba, magogi take tsoro. Ƙawayenta duk sun koma goga goro a gwangwani suna zubawa a baki kamar masu shan garin magani, ita kuwa ta ce mahaifiyarta da haƙoranta cif aka kai ta makwanci, haka ita ma take so. Na ce, "In dai hannuna ne, ba wanda zai cire miki ko ɗaya." Na faɗa, kuma ban ji ɗar ba.

Juma'a, 16 ga Mayu

Ta ce Litinin za ta zo asibitinmu. Wai sai an guge mata lafayarta mai ruwan zuma, ba za ta shiga Sabon Gari kamar wadda aka koro ba.

Litinin, 19 ga Mayu

Na ɗauko ta a adaidaita sahu. Matakalar benen asibitinmu ta sha zagi kafin mu kai sama. Likita Chinedu, mai wurin, ya fito da kansa ya durƙusa mata. Shi a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan cikin gari, suka yi ta gaisuwa har ta tambaye shi ko ya musulunta ne, ya ce Hajiya ana dai tare. Veronica, abokiyar aikina, ta samu kwalbar humra tun kafin a buɗe baki.

Abin da na gani shi na yi zato, har da ƙari. Dasashi ya kumbura ya yi laushi, ko ya aka taɓa sai jini. Tsatsa ta daskare a gindin haƙora, ta bi saiwa ta shige ƙasa inda burushi ko aswaki ba sa kaiwa. A bayan na gaba na ƙasa ma ta haɗe su wuri ɗaya kamar an yi musu yaɓe. Na sa ɗan tsinken awo ina zagaya kowane haƙori. A lafiyayyen baki ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi ba ya wuce milimita uku. Nata biyar, shida, a gaba har bakwai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a ramukan nan ƙwayoyin cuta suka yi gida suna cin ƙashin da ke riƙe da haƙoran, daga nan warin yake.

An gwada suga, lafiya lau, alhamdu lillahi. Da hoto ya fito Likita ya daɗe yana kallo. Ya ce ba sai an yi tiyata ba, mu kankare saiwoyin mu ga yadda dasashi zai kama, amma biyun nan na gaba kada in sa rai da yawa, ƙashinsu ya zaizaye kusan rabi. Na ce za su tsaya. Ya ce, "Kyari, ka dai ce in sha Allah." Na ce in sha Allah za su tsaya.

Tsari: ɓangaren dama ranar Alhamis, hagu mako mai zuwa, sannan gaba, Likita ya ɗaure masu girgiɗin da siririyar waya ta baya.

Alhamis, 22 ga Mayu

Yau na yi aikin da ko malamaina suka gani sai sun jinjina.

Kafin ta kwanta ta ɗaga min yatsa ta ce, "Kai mijin banza, ka cire ciwon, ka bar min jana." Na ce, "Amarya, yau 'yar sha shida zan mayar da ke." Veronica ta yi dariya, ita ma Kaka ta yi.

Na yi mata allurar kashe zafi, ko motsi ba ta yi ba. Na fara da inji mai fesa ruwa, tsatsa tana ɓallowa kamar ƙanzo. Sannan na bi da ƙananan ƙarafan hannu, saiwa bayan saiwa, ina shiga ƙarƙashin dasashi ina kankarewa har sai na ji wurin ya yi sumul a bakin ƙarfe. Wannan ba da ido ake yinsa ba, da yatsa ake ji, kuma ba yabon kai ba, duk Sabon Gari ban san wanda ya fi ni jin saiwa ba. Na ɓalle yaɓen nan na bayan haƙoran gaba ma, don dasashin wurin ya samu ya sha iska kafin ranarsa.

Na gama da sauran lokaci. Ga ta kwance ido a rufe, ga haƙoran gaba jajir suna kallona. Na ɗauko abin gogewa da hoda na bi su ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa. Ashe kyawawa ne! Farare tas, masu ɗan ruwan madara. Ni kaina sai da na ja da baya na kalla.

Na miƙa mata madubi. Ta daɗe tana dubawa. Ta taɓa na ƙasa da harshe, inda 'yan ƙofofi suka bayyana a tsakaninsu bayan tsatsar ta fita. Ta ajiye madubin a cinya ta ce, "An gode, Likita." Ta ja lafaya ta rufe baki, har muka isa Fagge ba ta sauke ba. Allurar ce ba ta sake ta ba, haka take sa mutum ya ji leɓensa kamar ba nasa ba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Na buga wa Goggo. Kunu kawai ta sha, ruwan randa na tsirga mata. Wannan ba komai ba ne, saiwar da aka tone dole ta ji sanyi kwana biyu. Na ce ruwan gishiri mai ɗumi safe da yamma.

Litinin, 26 ga Mayu

Na biya bayan an tashi aiki. Ta sa aka shimfiɗa min darduma, ni da kullum a kan turmi nake zama. "Sannu da zuwa, Malam Kyari. Ya iyali? Ya ƙoƙari?" Na ce amarya yau kuma wane sabon salo ne, ta ce a kawo wa baƙo ruwa. Lafayar tana kan bakinta duk zaman.

Goggo ta raka ni soro ta ce Kaka na cewa girgiɗin ya ƙaru. Maƙwabta kuma sun samu abin faɗa, wai dama an san wankin haƙori shi ke kwance haƙori. Na koma ciki na yi bayani dalla-dalla: tsatsar ce ta riƙe su riƙon ƙarya tana cin gindinsu, yanzu da aka cire ta dole a ji motsi kafin dasashi ya kama, kuma ai za a ɗaure su. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Haka ne. Ku ne masana."

Ku. Ni Kaka take ce wa ku.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ba ta zo ba. Na bar kujera ba kowa har azahar, sannan na kira na gaba.

Asabar, 31 ga Mayu

Na rasa gane kan tsofaffi. Mutane na hawo benen nan takanas don a farar musu da haƙora, ita an yi mata a sama ta ɗauki fushi. Na faɗa wa Veronica muna wanke kayan aiki. Ta ce, "Amma Mama ta ce ka bar mata ja ɗin, ni na ji." Na ce ke ba ki san wasan jika da kaka ba, duk abin da muke faɗa wa juna wasa ne, ranar ma ai mijin banza ta ce min. Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da wanki.

Abin da ya dame ni ba fushin ba ne, zai wuce, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Aikin ne aka bari a rabi. Hagu ba a taɓa ba, gaba an buɗe ba a kankare ba, ba a ɗaure ba. In aka daɗe a haka biyun nan za su tafi, kuma duk Fagge za a ce jikanta ne ya zubar mata da su.

Asabar, 7 ga Yuni

Jiya Babbar Sallah, yau suya. Gidan cike, hayaƙi ko'ina. Kaka da kowace shekara ita ke zama bakin kasko tana ɗanɗana na farko tana kushe mai suyar, yau tana ɗaki. An kai mata hanta ta mutsuttsuke da yatsa ta ci kaɗan.

Na shiga gaishe ta. Kumatunta na hagu ya ɗan tasa, ko ba a buɗe min ba na san mugunya ce ta taru. Sannan a gefen kaskon turarenta na ga magogi. Sabo fil, ko tsatsa bai yi ba, da ɓarin goro a kai.

Tsoro na ji, tsoro na gaske, irin wanda ban taɓa ji a kan bakin kowa ba. Na fito na tsaya wurin masu suya, aka miƙo min tsoka na riƙe ta har ta huce.

Lahadi, 8 ga Yuni

Na koma da safe kafin gidan ya cika. Na ɗauke magogin na sa a aljihu, na ce ba za a shigo da wannan gidana ba. Da a da ne da ta bi ni da carbi. Ta ce, "Ajiye, Kyari." Na ajiye.

Ta sauke lafayar, karo na farko tun ranar. Ba zan iya kawo duk abin da ta ce ba. Ta ce tun tana 'yar budurwa a Barno, kafin a kawo ta Kano, ba ta taɓa wayar gari ba ja a bakinta ba, a wurinsu shi ne adon mace kamar lalle da kwalli. Sau ɗaya tak ta bari ya koɗe. Lokacin takabar Kakana Sammani, da ta ajiye turare da kwalli da fure, kullum in ta duba ruwan alwala sai ta ga bakin yana ƙara haske, tana ƙara sanin ya tafi. Ranar da ta fita takaba, kafin ta sa sabon zani fure ta fara nema.

"Ka miƙo min madubi na ga mai takabar nan ta dawo," in ji ta. "Na ce maka ka bar min. Da wane baki zan faɗa maka ka san ba wasa nake ba?"

Na duba kumburin daga waje, na ce zan aiko da magani, na fito.

Laraba, 11 ga Yuni

Launi ba cuta ba ne. Na san haka tun ina makaranta, na ma rubuta a jarrabawa. Cutar tana ƙarƙashin dasashi, jan da ke saman haƙori bai taɓa zubar da haƙorin kowa ba. Hannuna ne kawai ba ya iya ganin abu bai goge ba.

Ban ce aikin bai yi kyau ba. Ɓangaren dama na nan, duk wanda ya isa ya zo ya duba.

Na tambayi Goggo inda ake samo mata fure. Wata tsohuwa ce a Rijiyar Lemo, ta can cikin lungu. Na je da yamma. Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi haƙorana, ta ce wa zan kai wa, don ni dai ba kalar masu fure ba ne. Ta ƙunsa min a ganye ta yayyafa ruwa. Na sayi jan goro manya a bakin titi. Duk hanya ina addu'ar kada in haɗu da wanda na taɓa yi wa huɗuba a kan goro da taba.

Asabar, 14 ga Yuni

Wancan ya yi yaushi kafin in samu zuwa, sai da na sake komawa Rijiyar Lemo yau.

Na ajiye ƙunshin a gabanta. Bakina bai saba ba ta haƙuri ba, tunda nake ban taɓa yi ba, in na fara ma wasa zai zama. Ta buɗe, ta ɗauki fure ɗaya ta shinshina, ta juya goron tana duba ko mai ƙwari na sayo.

Na ce mu raba gona. Daga dasashi zuwa ƙasa nawa ne, a bar ni in fitar da abin da ke ciki. Daga dasashi zuwa sama nata ne, ko shuni za ta shafa ba ruwana. Sharaɗi ɗaya: fure furen taba ne, yana hana dasashi warkewa, ta jira sai wurin ya kama. Goro kuma ta ci da turame, ta bar na gaba su huta.

Ta ce, "To wannan da ka kawo fa? Kafin nan ai ya bushe." Na ce sai in sake sayo wani. Ta ce da ma haka ya kamata, in yi ta zarya har takalmina ya ƙare. Na ji sanyi a raina, wannan muryar na sani.

Sai ta ce za ta zo Talata, amma yarinyar nan Baronika ce za ta yi mata. Na ce Kaka, hannuna ya fi nata, kowa ya sani, ita ma ta sani. Ta ce, "Na sani. Amma ko ruwa za ta zuba min a baki sai ta tambaya."

Na haɗiye. Haƙoran nake so su tsaya, ko hannun wa ne.

Talata, 17 ga Yuni

Yau ni ne mai riƙe bututun zuƙe ruwa. Ni Kyari. Likita Chinedu ya leƙo ya gan ni a kujerar mataimaki, ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa, ya koma yana tari.

Veronica ta yi hagu. Mugunyar ta fito, an wanke ramin sosai. Tana da nawa, abin da zan gama kafin a kira azahar ita sai da aka idar. Kowane haƙori sai ta tsaya: "Mama, nan da zafi? Mama, in ci gaba?" Kaka na ɗaga mata yatsa. Sau biyu na ga ta tsallake gefen wata saiwa, na nuna mata da ido, ta koma. A turmi na ƙarshe kuma ta ciro wani ɓarɓashi daga lungun da ni ban yi zaton akwai saura ba. To, kowa da ranarsa.

Jan da ya rage a turamen hagu yana nan yadda yake. Ba wanda ya ko kalli abin gogewa.

Talata, 24 ga Yuni

Gaba. Nan ne ramuka masu zurfi, saiwoyin sirara ne, kuskure kaɗan sai a illata su. Veronica ta fara, ta yi rabi, ta ce hannunta bai kai can ƙasa ba yadda take so. Ta sunkuya ta ce, "Mama, wannan wurin Kyari ya fi ni. Kin yarda ya karɓa, ina tsaye a kansa?" Kaka ta juyo da ido ta dube ni. Sannan ta ɗaga yatsa.

Ban taɓa aiki a hankali kamar yau ba. Na ji saiwar tana yin sumul, na tsaya daidai inda ya kamata. Likita ya zo ya manna wayar ta baya, ya haɗa masu girgiɗin da maƙwabtansu, daga waje ba a ganin komai.

Na nuna mata ɗan burushin da ake zura wa tsakanin haƙora. Ta ce wannan ai na wanke kwalbar turare ne. Ta ce aswakinta fa? Na ce ta riƙe shi, a hankali dai, daga dasashi zuwa baki, ba goga ta wanke tukunya ba. Ɗan burushin kuma bayan isha'i kullum, Goggo ce shaida.

Yanzu sai jira. Mako shida kafin a sake awo.

Alhamis, 3 ga Yuli

Goggo ta ce ba jini a ruwan alwala tun shekaranjiya.

Lahadi, 13 ga Yuli

Ruwa ya tsare ni a Fagge har la'asar. Na zauna a kan turmi a rumfa, ba wanda ya kawo darduma. Mata biyu sun zo sayen turaren ɗaki na biki, Kaka ta buɗe kwalba ta matso har kusa da fuskar ɗaya tana yi mata bayanin farcen turare da sandal, matar ko gezau, sai ma ƙara sunkuyowa da ta yi. Goggo ta dube ni ta kawar da kai tana murmushi.

Dasashin ya sauka, ya tsuke, kumburin ya tafi. Ƙofofin da ke tsakanin na ƙasa sun ɗan ƙara fitowa, haka abin yake idan kumburi ya sace, kuma na gaya mata tun kafin ta gani. Ta ce ta samu wushirya da tsufa, ba a sama ba, a ƙasa. Goro ya fara mayar da launinsa, ruwan hoda-hoda, bai kai na da ba. Tana tambayar yaushe za a sake ta ta koma wa furenta kamar mai jiran ganin wata.

Kyari take ce min yanzu, ba Malam ba. Sauran ban tambaya ba.

Talata, 5 ga Agusta

Ranar awo. Veronica ta sa safar hannu, Kaka ta nuna ni da haɓa. Na ɗauki tsinken na tsaya a kanta, sai na ji bakina ya ce, "In taɓa?" Ban shirya faɗa ba, fitowa kawai ya yi. Ta buɗe.

Uku, uku, huɗu. Inda yake bakwai ya dawo huɗu. Tsinken ya fito fes, ba ɗigon jini. Likita ya zo ya gwada biyun da kansa, ya sake gwadawa, ya ce za su zauna, amma duk wata uku ta dawo a share gindinsu, har iya rai. Kaka ta ce in dai za a gyara matakalar nan. Na ce ai na faɗa tun farko za su tsaya, Likita ya ce ya ji, kowa ma ya ji. Maganar fure na ce ta bari sai Juma'a, kuma kaɗan, a saman haƙori kawai. Ba a son raina na faɗa ba, taba taba ce, amma gonarta ce.

Mun sauko muna jiran adaidaita a bakin titi, ta kwance bakin lafaya ta ciro goro. Ta ɓare shi da farce. Na ce da turame, Kaka, da turame. Ta dube ni cikin ido, ta kai ɓarin gaba, ta gatsa. Ƙaras! Duk hayaniyar Sabon Gari sai da na ji shi. Na zuba mata ido har sai da ta tauna ta buɗe min baki kamar yarinya ta nuna min suna nan.

Ta miƙo min ɗaya ɓarin. Rabona da goro tun kafin in shiga makarantar koyon aikin nan, haƙorana su ne allon tallata. Na karɓa don kada a ce na mayar da hannun babba.

Ɗaci gare shi, ban ga abin so a ciki ba. Da na koma sama Veronica ta ce in duba madubi kafin in kira na gaba. Na ce ta kira shi kawai, mutane na jira.